Wa Ya Kira Shi? Zancen Zaɓen Dattawan Ikilisiya

 Mun san da yawa daga cikin masu karatu a wannan zaure ba Kirista ba ne, don haka za mu riƙa warware wasu kalmomin cikin gida yayin da muke tafiya.

Idan ana maganar shugabanci a wurin Kiristan Arewa, babu kalmar da ta kai kira nauyi. Ba a cewa wane ya nemi aikin fasto, sai dai a ce Allah ya kira shi. Hatta dattijon ikilisiya, wanda mu da hannunmu muke rubuta sunansa a 'yar takarda mu jefa cikin kwando, ranar da za a keɓe shi abin da ake faɗa a gaban jama'a shi ne Ubangiji ya zaɓe shi. Mun gaskata da haka. Sai dai Allah ba ya aiko da takardar ɗaukar aiki mai hatimi, dole wani ɗan Adam ne zai zauna ya yanke cewa kiran wane na gaskiya ne, na wane kuma son zuciya ne ya ari rigar kira. A kan wannan hukuncin mun ga aminan shekara ashirin sun daina gaisawa.

Ikilisiya ita ce jama'ar, majami'a kuma ginin da ake sujada a ciki. Dattijo a nan muƙami ne, mai shekara talatin da biyar ma yana iya riƙe shi. A irin tsarin da muka tashi a ciki, majalisar gunduma ce ke turo fasto, in ya yi 'yan shekaru ta ɗauke shi ta kai wani gari. Dattawa kuwa 'yan gida ne, suna nan daram. Su ke ƙirga baikon Lahadi, su ke sa hannu a fitar da shi. In aurenki ya rikice gabansu za ki zauna. Su za su ce a sa ɗanka a horo, a hana shi cin Jibin Ubangiji har sai ya tuba. In saurayi ya ce zai tafi makarantar Littafi Mai Tsarki ya zama fasto, sai da takardar shaidarsu. Wanda duk ya ɗauki zaɓensu abin wasa, bai taɓa shiga ɗakin da suke zama yana mai neman a yi masa adalci ba.

Wannan nauyin bai daɗe a wuyanmu ba. Turawan mishan uku na farko na SIM sun sauka Legas a 1893, biyu suka rasu cikin shekara guda, Rowland Bingham kaɗai ya rage. Shekaru masu yawa bayan nan, Bature ne ke duban yaran da ke gabansa ya ce wane ya tafi karatu, wane ya zama mai bishara. Sai a 1954 ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA, a 1955 kuma aka kafa tarayyar da yau ake kira TEKAN. Kada kuma wani ya ɗauka zaɓen Bature ya fi namu tsabta. An naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a 1864, amma a ƙarshen rayuwarsa wasu samarin mishan daga Ingila suka dakatar da limaman da ke ƙarƙashinsa yana ji yana gani, da ya rasu a 1891 kuma aka ba Bature kujerar. Su ma da sunan tsarkake ikilisiya suka yi.

Abin da ya sa namu zaɓen yake da wuyar sha'ani shi ne harshen nan da muke rubutu da shi. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ta zama rumfar da Birom da Bajju da Tangale da Bura da Ngas da Hausawa Kirista ke shiga su zauna a benci ɗaya. A majami'armu, in ka ƙirga harsunan da ake yi a gidajen mambobi za ka wuce goma, amma waƙa ɗaya muke rerawa. Ranar Lahadi wannan abin alfahari ne. Watan zaɓe in ya kama, sai ya koma lissafi.

Duk shekara uku muke zaɓe. Fasto zai sanar, a sa mako guda na azumi da addu'a, a ce kowa ya nemi fuskar Ubangiji. Ba wanda ke buga fosta, abin kunya ne a ce ka fito kana neman kujerar dattijo. To amma a makon ne ziyara ke yawaita. Mutumin da bai san ƙofar gidanka ba sai ga shi da yamma ya zo duba jikin Mama. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, waɗanda ke taronsu bayan an tashi sujada, su ma maganarsu ta canza. Ba za a ambaci suna ba, sai dai wani babba ya yi gyaran murya ya ce, "Tun da aka kafa majami'ar nan namu bai taɓa riƙe ma'aji ba." Shi ke nan an gama. Ranar zaɓe a durƙusa a roƙi Allah ya nuna wanda ya zaɓa, alhali sunan yana rubuce a tafin hannun wasu tun daren Alhamis.

Masu wannan lissafin suna da hujjarsu, kuma ba za mu yi saurin watsar da ita ba. Suna cewa in ba a yi karɓa-karɓa ba, ƙabilar da ta fi yawa za ta cinye kujerun duka, ƙananan kuma su ji kamar baƙi ne a gidan Ubansu. Gaskiya ne hakan na faruwa. Har sukan kawo Ayyukan Manzanni sura 6, inda rikicin farko na ikilisiyar Urushalima ya tashi a kan harshe da abinci. Masu bi da ke jin Girkanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu, wato matan da mazansu suka mutu, wajen rabon abincin yau da kullum. Manzanni ba su ce musu su yi shiru su yi addu'a ba. Sun amince akwai matsala, suka ce jama'a su zaɓo mutum bakwai da aka shaide su, a ɗora su a kan aikin.

Amma a duba sunayen bakwai ɗin da kyau. Istifanas, Filibus, har zuwa Nikolas mutumin Antakiya wanda asalinsa ma ba Bayahude ba ne, dukansu sunayen Girkanci ne. Masana da yawa sun fahimci cewa daga ɓangaren masu kukan aka ɗebo su. Wato masu rinjaye ne suka ɗauki tukunyar abincin suka miƙa wa waɗanda aka tauye, har da rabon nasu gwaurayen. Karɓa-karɓar da muke gani a yau kowa na ja wa nasa ne, can kuwa sakar wa na wani aka yi. Ba mu taɓa jin taron 'yan gari da aka tashi a cikinsa da shawarar cewa bana a zaɓi ɗan ƙabilar da ba ta kai gida biyar ba a majami'a. Ranar da aka yi haka za mu yarda cewa sura 6 ake bi.

Wurin da aka fi karantawa ranar zaɓe shi ne wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti sura 3. Ana karanta ta da sauri kamar sanarwa, alhali in aka bi ta a hankali za ta rage 'yan takara da rabi. Abin mamaki a jerin shi ne kusan babu maganar baiwa a ciki. Gwaninta ɗaya tak aka nema, iya koyarwa. Sauran duk hali ne da ake gani da ido: mai mace ɗaya, mai kamun kai, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mai saurin hannu ba, ba mai son kuɗi ba, wanda gidansa ke cikin tsari, kuma ba sabon tuba ba. Ba a ce ya ba da labarin mafarkin da ya yi ko muryar da ya ji da tsakar dare ba. Duk abin da aka lissafa, matarsa da 'ya'yansa da maƙwabcinsa za su iya cewa e ko a'a.

Sharaɗi na ƙarshe a jerin ya shafe ku kai tsaye, 'yan uwanmu Musulmi. An ce dole ya kasance da kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ke waje da ikilisiya. A garuruwanmu su wane ne na wajen? Alhajin da ke ba shi buhun masara bashi. Mai shagon da ke kusa da nasa a kasuwa. Direban ofishinsu, da mai gidan da yake haya. Mutum yana iya riƙe fuskar waliyyi na awa uku ranar Lahadi, amma ba zai iya riƙe ta kwana shida a kasuwa ba. Mun san wani tsohon fasto da in an kawo masa sunayen waɗanda ake son tsayarwa, sai ya sa hularsa ya zaga unguwanninsu kamar mai yawon shan iska. Ya tsaya wurin mai shayi, ya gaisa da mai unguwa, ya jefa sunan mutumin cikin hira ya ga yadda fuska za ta yi. Akwai wanda aka janye sunansa a hankali saboda wani mahauci ya yi dariya ya ce, "Au, shi ne zai zama babba a cocinku? To Allah ya sa ya fara biyana kuɗin naman Kirsimetin bara."

Shi wannan faston ne kuma muka ga yadda yake yi da samarin da ke zuwa da zancen kira. Kowa ya san yadda abin yake. Yaro ya gama sakandare, ya zauna jarabawar shiga jami'a sau biyu bai samu ba, rana ɗaya sai ya zo ya ce Ubangiji ya yi magana da shi. Mutane sukan yi gulma su ce yunwa ce ta kira shi. Baba Fasto bai taɓa yi wa kowa wannan dariyar ba, don a cewarsa Allah yana iya rufe ƙofa domin ya juyo da mutum, kuma cikin fastocin kirki da ya sani akwai waɗanda ta wannan hanyar suka shigo. Abin da yake cewa shi ne, "Ɗana, na ji ka ji. To ban da kai wa kuma ya ji?" Sai ya ba shi ajin yara na makarantar Lahadi, ya haɗa masa da wata 'yar majami'ar ƙauye da ba ta da mai wa'azi, tafiyar awa guda a keke, babu ko sisin alawus. Ya ce su sake magana bayan shekara. Wasu ba sa kai damina. Wanda ya kai, ba ya bukatar ya sake buɗe baki, mutanen ƙauyen ne ke zuwa da kansu da 'yar kaza a hannu suna cewa, "Baba, yaron nan kada a ɗauke mana shi."

A ganinmu nan ne gaɓar maganar take. Kira yana farawa a zuciyar mutum, inda babu mai leƙawa, don haka ba mu da ikon ƙaryata shi. Amma ba mu da dalilin miƙa masa makullin ma'aji da sirrin gidajen mutane a kan maganar bakinsa kaɗai. Ko Bulus da ya ga haske a hanyar Dimashƙu, sai da ikilisiyar Antakiya ta yi azumi ta ɗibiya masa hannu tare da Barnaba kafin su fita aikin da aka keɓe su dominsa, kuma a lokacin ya riga ya yi shekara guda yana koyarwa a cikinsu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ƙuri'ar da muke jefawa shaida ce muke bayarwa a kan abin da muka gani da idonmu, kuma mai shaidar zur ya san hukuncinsa.

Sai maganar kuɗi, wadda ba ta da sauƙi kamar yadda masu wa'azi ke nunawa. An saba ba da labarin attajiri mugu da talaka mai tsoron Allah, mu kuwa abin da muka gani ya fi haka cuɗewa. Akwai ɗan kwangilar da ya rufa wa majami'armu kwano shi kaɗai. Da aka zaɓe shi dattijo wasu suka ce kwanon ne ya yi magana. Wataƙila haka ne a zuciyar wasu masu zaɓen. Amma shi ne mutum na farko da ya tilasta a riƙa ƙirga baiko mutum uku a zaune, a rubuta, a kai banki ranar Litinin, a kuma karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a duk wata uku. Kafin shi, wani bawan Allah ne mai tawali'u, mai hawaye in yana addu'a, ke ajiye kuɗin a gida, kuma da aka zo lissafi ba a ga kansu ba. Ba ma ce sata ya yi ba, bukata ce ta yi ta zuwa yana ranta da niyyar mayarwa. Talauci ba shaidar kira ba ne, arziki ma haka. Abin tsoron shi ne ranar da dattawa za su kasa ce wa mai kwanon ya yi kuskure, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa tsofaffinmu suka fi son a bar tazara tsakanin babbar kyauta da zaɓe, ko da mai kyautar da zuciya ɗaya ya yi.

Saboda gajiya da wannan duka, wani malamin makaranta a cikinmu ya taɓa kawo shawarar a koma jefa ƙuri'a irin ta manzanni, a rubuta sunaye a sa yaro ya ɗauko. Ba tatsuniya ba ce, ana yi har yau. A ranar 4 ga Nuwamba 2012, a babbar majami'ar Markus da ke Alƙahira, an ɗaure wa wani yaro ido ya sa hannu cikin ƙoƙon gilashi ya ɗauko suna ɗaya cikin uku, aka sami Tawadros na biyu, shugaban Kibɗawan Masar na 118. Shawarar ta burge mutane, har aka tuna cewa sunaye ukun ba daga sama suka faɗo cikin ƙoƙon ba. Sai da kwamiti ya tace, sannan masu zaɓe fiye da dubu biyu suka rage su zuwa uku. Manzannin ma da za su cike gurbin Yahuza, sun fara gindaya sharaɗi cewa sai wanda ya bi su tun daga baftismar Yahaya, suka fitar da mutum biyu, sannan aka jefa ƙuri'a. Ko ta ina aka bi, aikin tantancewa yana nan yana jiran mutane. Malamin ya ce to aƙalla yaron ba ya zuwa taron 'yan gari. Aka yi dariya, maganar ta mutu a nan.

Akwai kuma shaidun da ba a cika tambaya ba. Leƙa kowace majami'a ranar Lahadi, mata sun fi yawa. Zumuntar Mata ce ke zuwa gidan haihuwa da gidan makoki, su ke kwana a asibiti, su ke sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Sun san matar da ke zuwa sujada da kumburarren ido tana cewa ƙofa ce ta buge ta. Ikilisiyoyi sun bambanta a kan ko mace za ta riƙe muƙamin dattijo ko fasto, wannan muhawara ce ta wata rana. Amma ko a inda ba a naɗa su, ba mu ga ayar da ta hana a tambaye su ba. Wata shekara shugabar zumunta, tsohuwa ce da ba ta yi boko ba, ta sami fasto bayan an fitar da sunaye ta ce, "Baba, mu ba mu da ta cewa a zaɓenku. Amma kafin ku ɗora wa wane hannu, ku aiki Mama ta je ta zauna da matarsa, su biyu kawai." Aka aika. Abin da aka ji bai fita daga ɗakin ba, sunan dai bai kai ranar zaɓe ba, kuma an fara zama da mutumin a kan gidansa.

Ku da ke neman abin rubutawa, ga fili nan da ba a nome ba. Ba mu cika cin karo da labarin Hausa da ya shiga ɗakin taron dattawan ikilisiya ba, alhali duk abin da marubuci ke nema yana ciki: kishi, kunya, bashi, tsoron Allah na gaske da na ganin ido, duk a kan benci ɗaya. In za ku rubuta, ku lura da wanda ya faɗi zaɓe, don shi ne ba a kallo.

Mutum biyun da manzanni suka tsayar, Matiyas ne ƙuri'a ta faɗa wa. Ɗayan, Yusufu da ake kira Barsaba, ya cika kowane sharaɗi, ya bi tun daga farko, aka ambaci sunansa a gaban mutum wajen 120, sannan aka ce ba shi ba. Littafin bai sake ambatonsa ba, kamar yadda bai sake ambaton Matiyas ɗin ba. A wurinmu mun ga iri biyu. Akwai wanda ya sha kaye da ƙuri'a kaɗan, bayan wata biyu ya kama hayar ajin wata makaranta, ya buga allo, ya ja gida goma sha ɗaya ya tafi da su, yawancinsu 'yan garinsu. Ya ce Ubangiji ne ya ce ya fito. Har yau in an haɗu a jana'iza, ɓangare biyu ake zama.

Ɗayan tela ne, sau biyu ana tsayar da shi yana faɗuwa, don mutanensu ba su da yawa kuma ba ya iya dogon Turanci a taron gunduma. Shi ke riƙe da makullin majami'a tun kafin a yi mata siminti. Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan faɗuwarsa ta biyu, matasan da ke zuwa shara suka makara, suna tsammanin ba za su sami ƙofa a buɗe ba. Suka tarar ya riga ya fitar da bencina waje yana kakkaɓe su. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba, ai da ka huta yau." Ya miƙa masa tsintsiya ya ce ya fara daga wajen bagade, gobe akwai keɓe sababbin dattawa kuma baƙi za su zo daga gunduma.